Naman ciki, naman baya ko silikon: zaɓen hanyar sake gina nono bayan tiyatar sankara

Macen da za a cire wa nono saboda sankara, ko wadda aka riga aka cire mata, hanya uku ce a gabanta. Za ta iya barin ƙirjin a shafe ta riƙa sa nonon roba a cikin rigar mama. Za a iya sa mata jakar silikon a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Ko kuma a ɗebo fata da kitse daga wani sashe na jikinta a gina mata sabon nono da su. Babu abin kunya a ko ɗaya daga cikin ukun, kuma babu wadda take ƙara haɗarin dawowar cutar. Hanya ta uku ce likitoci suka fi yabawa, ita ce kuma iyalai suka fi shiga ba tare da sanin nauyinta ba.

Aikin da naman jiki yana tara wahalarsa da haɗarinsa da kuɗinsa a watannin farko, daga nan mace ta huta. Silikon yana da sauƙi a farko, amma hidimarsa ba ta ƙarewa, domin jakar ba ta zama har abada. Wani babban bincike da aka yi a cibiyoyi 11 na Amurka da Kanada, mai suna MROC, ya bi mata fiye da 2,300 har shekara biyu bayan aiki, aka fitar da sakamakonsa a 2018. A cikin waɗanda aka gina wa nono da naman ciki ta hanyar da ake kira DIEP, wadda ba ta ɗauke tsokar ciki, kusan rabi sun gamu da wata matsala, babba ko ƙarama. A cikin masu silikon, kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Amma da aka duba rushewar aikin gaba ɗaya, wato a ce nonon da aka gina ya lalace sai an cire shi, lissafin ya juya: kimanin 7 cikin 100 a masu silikon, 1 zuwa 2 cikin 100 a masu naman ciki. Bayan shekara biyun kuma masu naman jiki sun fi nuna gamsuwa da kamannin nonon da laushinsa, da yadda suke ji a cikin mutane da kuma a zaman aure.

Naman ciki: TRAM da DIEP

Ƙasan cibiya ne wurin da aka fi ɗebowa, saboda fatarsa da kitsensa sun fi kama da na nono. Ana yanka yanki mai siffar ido daga ƙugu zuwa ƙugu, tsakanin cibiya da mara. Abin da ya raba hanyoyin shi ne yadda jini zai ci gaba da isa ga wannan nama bayan ya koma ƙirji.

Tsohuwar hanya ita ce TRAM mai igiya, wadda likita Carl Hartrampf ya bayyana a Atlanta ta Amurka a 1982. Ba a yanke jijiyar jinin da ke saukowa daga sama. Ana ɗaga ɗaya daga cikin dogayen tsokoki biyu na gaban ciki, naman yana maƙale da ita, a zura shi ta ƙarƙashin fata har ƙirji. Alfanunta ba ta buƙatar ɗinkin jijiya, saboda haka asibitin da ba shi da madubin fida zai iya yin ta, kuma awa huɗu zuwa biyar kan isa. Illarta biyu ce. An sadaukar da tsokar ciki, don haka bangon ciki yakan yi rauni, wani lokaci ya turo, wani lokaci hanji ya ɓullo ta wurin, shi ya sa ake yawan shimfiɗa raga don ƙarfafa shi. Na biyu, jinin yana zuwa ne ta jijiyar sama wadda ba ita ce babbar mai ciyar da fatar mara ba, sai gefen naman ya riƙa samun ƙarancin jini. A jikin mai shan taba, mai ƙiba sosai ko mai ciwon suga, wannan ƙarancin yakan kai ga mutuwar wani sashe na naman.

DIEP ta zo ne don ta ceci tsokar. Likitocin Japan Koshima da Soeda suka fara bayyana dabarar a 1989, Robert Allen ya yi amfani da ita wajen gina nono a Amurka a farkon shekarun 1990. Likita yana bin ƙananan jijiyoyin da suka ratso tsoka zuwa kitse, ɗaya zuwa uku daga cikinsu, yana tsaga tsokar a tsaye ba tare da ya ɗauke ta ba, har ya kai ga uwar jijiyar kusa da matse-matsi. Sai ya yanke, ya ɗauke naman ɗungurungum zuwa ƙirji. A can ana yawan cire ɗan guringuntsin haƙarƙari na uku don a kai ga jijiyoyin da ke bayan ƙashin ƙirji, a haɗa mai kawo jini da mai kawo jini, mai mayarwa da mai mayarwa. Faɗinsu milimita 2 zuwa 3 ne, zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta, kuma a ƙarƙashin madubin fida ake yi. Nono ɗaya yakan ci awa 6 zuwa 8, biyu kan kai awa 10 ko fiye. Kafin aikin ana ɗaukar hoton CT na jijiyoyin ciki don a san inda mafi kaurinsu yake, wanda ke rage lokacin nema a kan tebur.

A tsakanin biyun akwai TRAM ta yanke-da-haɗa, inda ake ɗaukar ɗan guntun tsoka tare da jijiyoyin. Likita yakan koma gare ta a tsakiyar aiki idan ya tarar ƙananan jijiyoyin sun yi siranta. Wannan ba kuskure ba ne, kuma ya kamata a gaya wa mara lafiya tun kafin ta sa hannu cewa haka na iya faruwa.

Kwana biyun farko

A nan ne DIEP take tsira ko ta mutu, kuma a nan ne muke ganin ya kamata iyali su fi matsa tambaya. Wurin da aka ɗinka jijiya na iya toshewa da gudan jini, mafi yawa cikin awa 48 na farko. Saboda haka ma'aikaciyar jinya tana duba naman kowace awa, dare da rana. Tana taɓa shi ta ji ɗuminsa, tana danna shi da yatsa ta ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, tana ɗora 'yar na'urar sauraron gudun jini a kan wurin da likita ya yi alama da zare. Idan mai kawo jini ce ta toshe, naman yakan yi sanyi ya koɗe, sautin ya ɗauke. Idan mai mayarwa ce, wadda ita ta fi yawan ba da matsala, naman yakan kumbura ya yi tauri, ya yi duhu, in an tsaga shi da allura jini baƙi ya fito da sauri. A fatar baƙar mace canjin launi ba ya saurin bayyana, don haka na'urar da tsagar allura da idon ma'aikaciyar da ta saba suna da muhimmanci fiye da yadda suke da shi a farar fata.

Da zarar an ga alama, sai a koma ɗakin tiyata nan take, ko ƙarfe uku na dare ne, a buɗe a wanke gudan a sake ɗinki. In an yi haka cikin 'yan awowi ana ceto mafi yawa. In aka jira gari ya waye, naman ya tafi, kuma cikin da aka ɗebo shi ba ya sake bayarwa. Wannan ne ya sa adadin 1 zuwa 2 cikin 100 ba na kowane asibiti ba ne. Adadin cibiyoyi ne masu yin aikin kowane mako, masu ma'aikatan jinya da suka ƙware, da ɗakin tiyata da bankin jini da wutar lantarki waɗanda ba sa barci. Ra'ayinmu a fili yake: TRAM mai igiya ko naman baya a hannun wanda ya saba da su sun fi DIEP a wurin da ba a iya sa ido da dare.

Matsalar da ta fi mutuwar nama yawa, ko da yake ba ta kai ta tsanani ba, ita ce daskarewar kitse. Wani ɓangare na kitsen da jini bai wadace shi ba yana mutuwa a ciki, bayan wata biyu ko uku ya zama ƙullutu mai tauri. Yana samun kimanin mace 1 cikin 10, ya fi haka a TRAM mai igiya. Ga wadda ta sha fama da sankara, jin ƙullutu a ƙirji tashin hankali ne ba ƙarami ba. Ba a yin zato a kansa: a ɗauki hoton sikanin, in akwai shakka a ɗebi samfur da allura. Ƙananan kan yi laushi da kansu cikin shekara, manyan ana cire su a aiki na biyu.

Sai matsalolin ciki. Tsakiyar ɗinkin mara, inda fata ta fi ja, shi ya fi yawan buɗewa, kuma yakan ɗauki makonni ana wanki kafin ya cike. Cibiya, wadda ake yanke kewayenta a fito da ita ta sabon rami, wani lokaci takan yi baƙi. Fatar ƙasan cibiya takan mutu da ji tsawon watanni. Ruwa kan taru a ƙarƙashin fata, shi ya sa ake barin robobin tsane ruwa biyu a ciki, ɗaya ko biyu a ƙirji, ba a cire su sai abin da ke fita ya sauka ƙasa da mililita 30 a yini. Doguwar tiyata a jikin mai sankara kuma tana jawo gudan jini a ƙafa wanda zai iya tafiya huhu, don haka ake allurar tsinka jini, ake sa safar matsi, ake kuma tayar da mace ta taka tun washegari ko da a duƙe ne.

Kwanan asibiti 3 zuwa 5 ne a inda aka ƙware, a wasu wuraren mako guda. Mako shida ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, wato ba bokitin ruwa, ba goyo, ba sungumar jariri daga ƙasa. Ruku'u da sujada suna jan ɗinkin mara, don haka a makonnin farko salla a zaune ta fi dacewa har likita ya ba da izini. Wannan lokaci yana buƙatar mai jinya ta zama a gida, kuma a shirya ta tun kafin ranar aiki.

Naman baya

Faffaɗar tsokar baya, wadda ta taso daga ƙugu da ƙashin baya ta ƙare a hammata, ita ce hanya mafi daɗewa. Likitan Italiya Tansini ya yi amfani da ita wajen rufe ƙirji tun wajen 1906, aka farfaɗo da ita a shekarun 1970. Ana ɗaga tsokar da yankin fata a kanta, a juyo ta ta ƙarƙashin hammata zuwa gaba, jijiyarta tana nan a haɗe. Awa uku zuwa huɗu ne, ba ɗinkin jijiya, kuma da wuya ƙwarai naman ya mutu gaba ɗaya. Saboda wannan tabbacin ne ake komawa gare ta idan DIEP ta rushe, ko fatar ƙirji ta ƙone da gashi na maganin haske, ko ƙari ya ci fata sosai har rami ya ƙi rufuwa. A Najeriya da Nijar, inda mata da yawa ke isa asibiti cutar ta riga ta yi nisa, wannan amfani na ƙarshe ba baƙon abu ba ne, kuma manufarsa rufe rauni da wuri don a ci gaba da magani, ba gina nono ba.

Raunin hanyar shi ne ƙarancin nama. Baya ba shi da kitsen ciki, don haka in ba ƙaramin nono ake so ba, sai an ƙara jakar silikon a ƙarƙashin tsokar, ko a riƙa zuƙo kitse daga cinya ko ciki ana cusawa sau biyu ko uku. In aka sa silikon, matsalolinsa sun biyo baya ke nan. Taruwar ruwa a baya ita ce matsalar da aka fi gani, sau da yawa sai an zuƙe da sirinji fiye da sau ɗaya. Kafaɗa takan yi rauni wajen jawo abu daga sama zuwa ƙasa. Ma'aikaciyar ofis ba lallai ta lura ba bayan ta yi atisayen da aka koya mata, amma mai daka, mai jan guga daga rijiya da mai dogara sanda za su ji bambanci, musamman in ɓangaren hannun da suka fi aiki da shi ne. A faɗa wa likita irin aikin da ake yi a gida dalla-dalla.

Siririyar da ba ta da kitsen ciki, ko wadda aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi, ana iya ɗebo mata daga cikin cinya ko bayanta, ko daga saman mazaunai. Duk sai da ɗinkin jijiya, naman bai kai na ciki yawa ba, kuma cibiyoyin da suka ƙware a kansu kaɗan ne ko a ƙasashen waje.

Wa ya dace da wace

Gashi, wato maganin haske da ake yi wa ƙirji bayan tiyata, shi ne ya fi komai karkata ma'auni. Yana sa fata ta yi tauri, jininta ya ragu. Silikon a ƙarƙashin irin wannan fata yakan ƙanƙance ya yi tauri ya haura sama, ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, ko ya huda fata ya leƙo. A cikin binciken MROC, kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa gashi a kan silikon ta rasa aikin cikin shekara biyu, alhali a masu naman jiki kusan 1 cikin 100 ce. Wadda ta san za a yi mata gashi, naman jiki ya fi mata. Shi ma gashi yana iya ƙanƙance shi, don haka likitoci da yawa sun fi son a gama gashin, a jira wata 6 zuwa 12, sannan a gina.

Ginawa a rana ɗaya da cirewa tana ba da kamanni mafi kyau, saboda ana barin fatar nonon ta asali a cika ta. Amma in rauni ya ƙi warkewa, zai iya jinkirta kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Ga mai cutar da ta yi nisa, wannan jinkiri ya fi kowane tabo haɗari. Ana iya gina nono bayan shekara ɗaya ko goma, saboda haka babu dalilin taɓa jadawalin maganin sankara dominsa.

Taba da shisha suna matse ƙananan jijiyoyi, ana so a daina aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa. Ciwon suga sai an daidaita shi. Ƙiba mai yawa tana ƙara buɗewar ɗinki da ruɓewar rauni a kowace hanya. Mai sikila dole ta faɗa tun ganin farko, domin jininta yana saurin toshe jijiyar da aka ɗinka, kuma sanyin doguwar tiyata yana iya tayar da ciwon. Mai shan tamoxifen, wani maganin sankarar nono, ana iya dakatar mata da shi makonni kaɗan, da shawarar likitan sankara. Tabon haihuwa ta tiyata a ƙasan mara yawanci ba ya hana DIEP, amma tabon tsaye a tsakiyar ciki yana iya rage naman da za a samu zuwa rabi.

Wadda take son ƙara haihuwa ta sani cewa ana ɗaukar ciki a haihu lafiya bayan DIEP, bayan an jira aƙalla shekara guda kuma likitan sankara ya amince, amma in an ɗauki tsoka an sa raga, bangon ciki zai fi wahala. Nonon da aka gina ba ya shayarwa. Haka kuma ciki sau ɗaya yake bayarwa: wadda aka gano tana da gadon cutar, kuma ana tunanin cire ɗaya nonon nan gaba, gara a tsara duka biyun tare.

Tabo ma abin dubawa ne. Naman ciki yana barin layi daga ƙugu zuwa ƙugu da zagaye a cibiya, naman baya yana barin layi a inda igiyar rigar mama take bi. Wadda hujin kunne ko tsohon rauni ya taɓa yi mata tudu ta nuna wa likita, a fara matakan kariya da wuri.

Kuɗi

Aikin naman jiki ya fi silikon tsada a zagaye na farko, kuma DIEP ce a sama: awowin ɗakin tiyata, likitocin fida biyu a wasu lokuta, mai ba da maganin barci na tsawon yini, gadon kulawa ta musamman, hoton CT, jini. A Amurka lissafin asibiti yana kai dubun-dubatar daloli, sai dai dokar tarayya ta 1998 ta tilasta wa tsare-tsaren inshorar da ke biyan cire nono su biya ginawa, har da gyaran ɗaya nonon don su daidaita. A Birtaniya hukumar lafiya ta NHS tana yi kyauta. A ƙasashenmu mafi yawan iyalai daga aljihu suke biya, bayan kemo da gashi sun riga sun cinye ajiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar farashin tiyatar farko a matsayin farashin komai. Kusan kowa tana buƙatar aiki na biyu bayan wata 3 zuwa 6: gyaran siffa, cusa kitse a inda ya lotsa, ɗaga ko rage ɗaya nonon, gina kan nono, daga baya zanen launin kewayensa. A nemi lissafi a rubuce, a tambaya ko ya haɗa da waɗannan, da komawa ɗakin tiyata cikin gaggawa, da ƙarin kwanaki in rauni ya buɗe, da kuma abin da za a yi, da wanda zai biya, in naman ya mutu. Mai fita Indiya, Masar ko Turkiyya ta ƙara masaukin makonni kafin a yarda ta hau jirgi, da kuɗin mai rakiya, da tafiya ta biyu, ta kuma samu likitan gida da ya amince zai karɓi jinyar raunin kafin ta tashi.

Silikon kuwa lissafinsa yana dawowa. Jakar kan fashe ko ta ƙanƙance, mata da yawa sai an canza musu cikin shekara 10 zuwa 20. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana ba da shawarar hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. A 2019 aka janye wasu jakunkuna masu kaushin baya na kamfanin Allergan saboda alaƙarsu da wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki wadda ba ta cika faruwa ba. Ga 'yar shekara 35, tazarar kuɗi tsakanin hanyoyin biyu tana raguwa sosai in aka lissafa tsawon rayuwa. Ga mai shekara 65 mai ciwon zuciya wadda ba za ta jure awa takwas a kan tebur ba, silikon ko nonon roba sun fi hankali.

Kafin sa hannu, a tambayi likita sau nawa ya yi wannan aikin a bara, nawa suka rushe, wa zai duba naman da dare, kuma cikin minti nawa ake buɗe ɗakin tiyata in an kira. A nemi ganin hotunan aikinsa a kan fata irin ta mara lafiya, na bayan shekara guda, ba na bayan mako ba.

Nonon da aka gina da naman jiki yana da ɗumi da laushi, yana ƙiba yana ramewa tare da mai shi, amma jinsa ba ya dawowa kamar na da, ko da wasu cibiyoyi suna haɗa jijiyar ji don a samu wani abu. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita ba ta sani ba. A guji gasa wurin da tsumman ruwan zafi ko gorar ɗumama jiki, a yi hankali da turirin tukunya da garwashin turaren wuta, a gwada ruwan wanka da hannu kafin a zuba. Ɗaya nonon kuma ana ci gaba da hotonsa duk shekara, kuma duk sabon ƙullutu ko canjin fata a ɓangaren da aka gina, a kai wa likitan sankara cikin makon.